Mutumin Da Ya Ce Ba Wanda Ya Koya Masa

Ya 'yan uwa, an yi wani mutum, haifaffen Salaga, wanda Allah ya ba shi hannun gyara. Ba zan ambaci sunansa ba, domin danginsa suna nan da ransu. Ba mashayi ba ne, ba ɓarawo ba ne, kuma ba a taɓa jin salla ta wuce shi da gangan ba. Shi ya sa labarinsa ya daɗe yana damuna.

Yana saurayi aka kai shi Yendi, shagon wani mai gyaran rediyo da ake kira Masta Mashud. Shekara shida ya yi a can. Mashud ne ya koya masa riƙe ƙarfen narka dalma, ya koya masa karanta mitar awon wuta, ya koya masa shinshina rediyo ya gane abin da ya ƙone tun bai kwance ta ba. A kwano ɗaya suke cin tuwo.

A shagon akwai al'ada. Idan mai koyo ya ƙware, ana yi masa ranar sallama. Ya kawo goro, a tara masu sana'a na unguwa, ya durƙusa gaban maigidansa. Sai maigidan ya lissafa kurakuran da ya yi a shekarun koyo, ɗaya bayan ɗaya, ana dariya: rediyon da ya ƙona, mitar da ya fasa, ranar da ya haɗa batir a juye. Daga nan ya ce ya yafe, ya sa masa albarka, a shafa fatiha, a raba goro. Ba ya wuce awa guda.

Mutumin nan ya ga an yi wa mutum biyu haka a gabansa, ya ce a ransa shi ba za a yi dariyarsa ba. Saura mako biyu ranarsa, ya ɗaure kayansa, ya hau motar Bawku, bai yi wa kowa ban kwana ba.

A Bawku ya kafa shagon katako a bakin kasuwa, jikin rumbun wani mai sayar da hatsi da ake kira Zibrim. Aiki ya karɓe shi. Fatake daga Togo da Burkina suna kawo masa rediyo da rikoda. Idan aka tambaye shi wa ya koya masa, amsarsa ɗaya ce: "Ba kowa. Allah ne da hannuna."

Ku duba wannan magana, ya 'yan uwa. Da sunan Allah a cikinta. Mai sauraro zai ɗauka tawali'u ne. Amma an sa sunan Allah ne don a rufe sunan wani bawansa da shi.

Ya auri wata mace mai suna Alimatu, ita kaɗai ya taɓa gaya wa gaskiya. Da sallar layya ta zo, ta ce masa, "Maigida, ga motar Yendi tana tashi gobe. Ko ɗan nama da goro ba za mu aika wa Masta ba?" Ya tashi ya fita. Daga ranar ya daina ba ta labarin shago, ya koma cin abincin rana shi kaɗai a bayan tebur. Wanda yake ɓoye abu ɗaya, a hankali sai ya janye daga duk wanda ya san abin.

Wajen shekarar 1993 wani direba ya kawo masa tarkacen injin buga takarda na ofis daga tsallaken iyaka. A ciki ya ciro wani ƙaramin moto mai nauyi, wato injin da wuta ke juyawa, da wayoyi shida masu launi dabam-dabam. Ya haɗa biyu da batir yana jiran ya juya kamar fanka. Sai ya yi motsi ɗaya, tak, ya ƙame. Ya sake wasu wayoyin, ya sake yin tak.

Abin ya shiga ransa. Kwana da kwanaki yana zaune da mita, yana taɓa waya da waya, yana rubutawa a bayan kwali, har ya gane cewa naɗin waya huɗu ne a ciki, kuma wayoyi biyu daga cikin shidan su ne uwayen sauran, su ke ɗaukar wuta daga batir. Idan aka ba naɗin nan wuta bi da bi, moton yana tafiya taku-taku. Idan aka juya jerin, ya koma baya. Idan aka bar wuta a kan naɗi ɗaya, ya tsaya cik, ko da yatsa ba ka iya murɗa shi cikin sauƙi. Ya sa wa kowane naɗi transisto ɗaya, ya yi maɓalli biyu, na dama da na hagu.

A Bawku a lokacin, mai talabijin sai ya fita waje ya murɗa sandar eriya da hannu, wani yana ciki yana cewa ya yi ko bai yi ba, domin tashar Ghana tana nan, ta Togo tana can, ta Wagadugu kuma wani gefen. Mutumin nan ya haɗa motonsa da sarƙar keke da haƙoranta, ya ɗaura a gindin sandar da ta ratsa rufin shagonsa. Da farko moton ya kasa, sai kuka yake yi yana rawa a wuri ɗaya. Sai ya cire abin rage wutar da ya sa masa, ya ba shi batirin babbar mota kai tsaye. Fis, ɗan abin nan da ke yanke wuta idan ta yi yawa, ya dinga tsinkewa, ya cire shi ya sa guntun waya a gurbinsa. Sanda ta juya.

Ba don sayarwa ya yi ba. Abin sha'awarsa ne, shi ne abokin hirarsa. Amma mutane suka fara tsayawa suna kallon sandar da ke juya kanta, suka sa masa suna Injiniya.

Abu ɗaya ya lura da shi. Moton yana yin zafi, kuma ya fi zafi idan yana tsaye yana riƙe da sandar. Don haka duk lokacin da zai fita, sai ya ɗaure sandar da igiya, ya cire kan batir. Kullum haka yake yi. Ku riƙe wannan.

Wata Juma'a da hantsi, ana tsaye ana kallo, sai ga wata mace riƙe da hannun wani tsoho. Masta Mashud ne. Idonsa ya yi yana, 'yarsa Sabuwa ta kawo shi asibitin ido na Bawku, shi kuma ya ce ba zai koma ba sai an kai shi shagon yaronsa.

Tsohon ya yi sallama, ya ce, "An ce mini nan ne. Ɗana, kana lafiya?"

Zibrim ya leƙo daga rumbunsa ya ce, "Injiniya, ashe kana da baba ka ɓoye mana?"

Mutumin ya ce, "Wani dattijo ne, maƙwabcinmu a Yendi."

Sabuwa ta dube shi. Tsohon ya karkata kai yana sauraron tak-tak ɗin da ke fitowa daga ciki, fuskarsa ta washe. Ya ce, "Wannan moto mai taku ne. Na taɓa kwance irinsa sau ɗaya. Waya nawa gare shi?"

"Shida."

"Kai kaɗai ka gano su? Madalla." Ya lalubo da hannu har ya taɓa moton, ya janye yatsunsa da sauri. Ya bi wayar da tafin hannu har kan batir. Ya ce, "Ina fis?"

Mutumin ya hau tattara kayan aikinsa.

Tsohon ya ce, "Irin wannan ba fanka ba ne. Yana tsaye yana shan wuta. In za ka masallaci, ka ɗaure sandar, ka cire kan batir."

Zibrim ya yi dariya ya ce, "To, yau mun ga mai ba Injiniya karatu. Baba, da kai muke, ƙara masa." Mutanen wurin suka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin ta kasuwa ce wadda ake mantawa kafin azahar.

Mutumin ya ce, "Baba, je ka a duba maka idonka. Wannan ba rediyon zamaninku ba ne."

Tsohon ya ce, "Haka ne. Allah ya yi albarka." Sabuwa ta ja hannunsa suka tafi.

Lokacin Juma'a ya yi. Zibrim da mutum biyu suna tsaye a ƙofar shago suna jiransa su tafi tare. Igiyar tana rataye a ƙusarta. Kan batir yana nan, taku ɗaya daga inda yake tsaye. Ya san tsohon ya faɗi gaskiya, domin shi da kansa ya gano ta kafin a faɗa masa. Amma idan ya sunkuya yanzu ya cire, idanu shida za su gani, kuma za su ce ya bi maganar makaho. Ya ɗauki dardumarsa, ya ja ƙofa, ya sa kwaɗo.

Ya 'yan uwa, wane irin abu ne wannan? Mutum ya bar abin da yake yi kullum, don kawai wani ya ce masa ya yi?

Ya ji huɗuba, amma ba ta shiga ba. Zuciyarsa tana shago. Sau biyu ya yi niyyar tashi, sai ya ga Zibrim a gefensa, ya zauna. Ana sallamewa aka ji hayaniya daga kasuwa.

Moton ya yi zafi har rigar wayoyin ta narke, suka haɗu. Babu fis da zai tsinke. Batirin babbar mota ya zuba duk abin da ke cikinsa a cikin siririyar waya, ta yi ja, ta kama kwali, kwali ya kama katako. Da mutumin ya iso, ya fasa ƙofa ya kama wayar da hannu biyu zai fizge. Aka jawo shi waje. Shagon ya tafi da rediyoyin mutane da ke ciki. Rumbun Zibrim ya tafi da geron da ya tara tun kaka.

Tafin hannuwansa suka ƙone, suka warke a takure. Yatsun da ke raba waya shida ba sa iya riƙe cokali sai da dabara.

Zibrim ya zo dubiya sau ɗaya. Ya zauna a bakin ƙofa, ya yi masa sannu. Sannan ya ce, "Ni gero Allah zai mayar. Abu ɗaya nake so in sani. Tsohon nan, wane ne shi?" Mutumin ya juya fuskarsa bango. Zibrim ya tashi, bai sake dawowa ba.

Za ku ce yanzu kam ya rusuna. Bai rusuna ba. Alimatu ce ke ba shi abinci a baki, ita ke wanke masa ciwo, ba ta taɓa ce masa ai na faɗa maka ba. Shirunta ya fi masa ciwo, har ya ce ta tafi gidansu ta huta. Ta ce ba ta gaji ba. Ya nace sai da ta tafi. Ya zauna a ɗaki shi kaɗai, yana jin kasuwa tana ci daga nesa, ba mai kiran sunansa.

Sai bayan wata bakwai ya sayi goro, ya hau motar Yendi. Ya tarar da shagon Masta a rufe. A gida Sabuwa ta fito, ta dubi hannuwansa, ta shimfiɗa masa tabarma. Ta ce Baba ya rasu kwana arba'in da suka wuce.

Ya ce, "Ya ji abin da ya faru?"

Ta ce, "Ya ji. Kwana uku bai ci abinci ba. Cewa yake laifinsa ne. Wai ya san halinka tun kana yaro, da ya ja ka gefe ya faɗa maka a kunne, da ka cire. Har ya kwanta ciwo yana roƙon Allah ya yafe masa abin da ya jawo maka."

Mutumin ya ajiye goron a kan tabarma. Ya zo ne ya durƙusa, ga shi ba wanda zai durƙusa wa. Bai koma Bawku ba. Salaga ya wuce, ya zauna a wani ɗaki a gidan ƙanin mahaifinsa. Waɗanda suka san shi a can sun ce yana zuwa masallaci da wuri, ya zauna a ƙarshen sahu, ya fita kafin a fara gaisawa. A haka ya ƙare kwanakinsa.

Na daɗe ina juya maganar tsohon nan. Shin da laifinsa? Gaskiya ne, nasiha a ɓoye ta fi shiga. Amma makaho ya taɓa ƙarfe ya ji zafi, ya faɗi abin da zai tsare dukiyar mutane. Idan gaskiya ba za ta karɓu ba sai an rufe ƙofa an rage murya, to ciwon yana wurin mai ji.

Malamai sun gaya mana cewa girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. Ba sai mutum yana taƙama a hanya ba. Yana iya zama mai salla, mai shiru, mai aikin hannunsa. Wannan bawan Allah ya guje wa durƙuson awa guda, ya yi sauran rayuwarsa ba mai dafa kansa.

Ya 'yan uwa, kowannenmu wani ne ya koya masa. Akwai wanda ya riƙe hannunka ka rubuta harafin farko, akwai wanda ya nuna maka yadda ake awo, ko ɗinki, ko tuƙi. Idan yana da rai, kada ka jira wata bakwai. Idan an tambaye ka, faɗi sunansa. Idan kuma gaskiya ta zo maka daga bakin da ba ka so, a gaban mutanen da kake jin kunya, karɓe ta a wurin, tun ba ta zo maka da wuta ba.

Allah ya jiƙan malamanmu da iyayen gidanmu. Allah ya sassauta wa wannan bawa nasa. Mu kuma Allah ya kiyaye mu daga zuciyar da ta san gaskiya ta ƙi sunkuyawa. Amin.