Ludayin da Maharazu Ya Kai Baki

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya ɓoye bayinSa na ƙwarai har a cikin hayaniyar kasuwannin Dubai. Cikinsu akwai Shehinmu, alimi mai tsentseni, arifi billahi, wanda ke karantarwa a wani ɗan ɗaki a unguwar Al Ras, kuma tun zuwansa ba a taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba, Allah Ya ƙara masa yarda.

Cikin muridansa akwai Maharazu, direban motar kaya a Murshid Bazaar, mutumin kirki, sai dai mita kamar tsohuwar da aka taka wa shanya. Maƙwabcinsa a kasuwa wani Ba'indiye ne, Damodar, mabiyin addinin Hindu, wanda jama'arsu ke fita wata gona can bayan Al Warsan su keɓe suna azumi da waƙoƙin bauta, 'yan sa-kai kuma su dafa musu abin buɗa-baki. A wannan karon Damodar aka damƙa wa girkin, sai motar da za ta kai kayansa ta lalace. Ya roƙi Maharazu ya kai masa, shi kuwa ya kai mitarsa gaban Shehi.

Shehi ya ce, "Maƙwabci ne, Maharazu. Kai masa kayan, ka taya shi aikin wuta. Addininsa nasa, naka naka."

Hutun kwana ɗaya tak Maharazu ke da shi a mako, ga shi ya tafi a banza! Haka ya isa yana ƙunƙuni, ya tarar ba nama, ba albasa, ko tafarnuwa babu, aka kuma miƙa masa ludayi ya juya shinkafar mutum ɗari biyu. Yana juyawa yana tsaki, can sai ya ɗebo ya kai baki don ya ji gishiri, kamar yadda kowane ɗan Kano zai yi.

Damodar ya dafe kai. "Khalas, shi ke nan, abokina, ka kashe ni."

Ashe a wurinsu ba a ɗanɗana girki sai an gabatar da shi ga abin bautarsu, wannan tukunya kuwa ta tashi aiki. Mutane tun jiya ba su ci komai ba, saura awa guda su fito, kanti na da nisa, shinkafar da ta rage ba ta cika kwano huɗu ba. Maharazu ya rasa inda zai sa kansa don kunya da haushi. Wai lomar da ko daɗi babu!

Ya kira Shehi a waya. Kafin ya rufe baki daga sallama, Shehi ya ce, "Ka sa baki a tukunyar mutane. Su ɗora abin da ya rage. Wadda ka ɗanɗana kuma ka kai wa leburorin da ke Al Warsan."

"Allah gafarta Malam, kwano huɗu ne fa."

"Su ɗora."

Aka ɗora. Da Maharazu ya dawo daga wurin leburori sai ya tarar ana ta zubawa daga 'yar tukunyar nan, layi na tafiya, ita kuwa ba ta nuna gindi ba sai da mutum na ƙarshe ya karɓa. Damodar ya riƙe hannunsa yana hawaye. Maharazu ya leƙa tukunya, yunwa na cinsa, ko ƙanzo bai samu ba.

Da la'asar ya durƙusa gaban Shehi ya ce kowa ya ƙoshi, har leburori, ban da shi da ya sha hayaƙi.

Shehi bai ɗago daga littafinsa ba, ya ce, "Ai kai ka riga kowa ci."

Tsarki ya tabbata ga Mai ba waliyyanSa abin da Ya so. Allah Ya ja zamanin Shehinmu, Ya ba mu albarkacinsa, Ya yafe wa masu gaggawar baki irinmu.