Tsatsa a Ƙarƙashin Tabarma

Akwai wani manomi da ya gaji tsohuwar mota daga mahaifinsa, irin ta da, wadda ba a ƙera irinta yanzu. Kowace Asabar sai ya wanke ta, ya goge ta, domin ran Lahadi mutane su tsaya kallo a ƙofar majami'a. Amma da damina a cikinta yake ɗauko takin zamani, taki kuwa in ya jiƙe cin ƙarfe yake yi.

Wata rana ya ɗaga tabarmar roba ta kujerar baya, inda matarsa take ajiye ƙafa, sai ya hangi ƙasa ta wasu 'yan ƙananan ramuka. Ya kai motar wurin mai walda.

Mai walda ya sa tsinin ƙusa a gefen rami, ƙusa ta nutse.

Ya ce, "Baban Godiya, abin da ka gani kaɗan ne. Sai na yanke duk inda tsatsa ta ci, har na kai ga ƙarfe mai rai, sa'an nan in liƙa sabon falle."

Manomi ya ce, "Ka yanka motar babana? A nan bakin hanya, kowa yana gani? Ramin da ko yatsa ba ya shiga!"

Ya koma gida. Ya fasa gwangwanin madara, ya buge shi ya miƙe, ya narka kwalta ya manne, kamar yadda yake toshe rufin kwano. Ya mayar da tabarma. Bai gaya wa kowa ba. Daga ranar, ko wanki yake yi, ba ya ɗaga tabarmar nan, gama yana tsoron abin da zai gani.

Ana nan, wata Lahadi aka kwana ana ruwa. Suka kama hanyar sujada, matarsa tana baya da jaririya a cinya. Da suka kai mashigin rafi, ruwa ya fi na kullum, amma manomi ya shiga da motar.

A tsakiya matar ta ce, "Baban Godiya, ruwa a ƙafata!"

Ya ce, "Ɗaga ƙafa, mun kusa."

Motar ta daki dutse. Matar ta taka da ƙarfi don ta tare 'yar, sai ƙasan motar ya ɓurma. Ƙafarta ta zurma har gwiwa, ruɓaɓɓen ƙarfe ya kama ta kamar haƙora. Inji ya mutu. Mijin ya fito ya ja ta, ta yi ihu, ƙarfe ya ƙara shiga nama. Ruwa ya hau kujera, ya yi ja.

Ta ɗaga jaririyar sama ta ce, "Bar ni! Karɓi yarinyar nan!"

Ya tsaya a ruwa har ƙirji, 'yarsa a kafaɗa, yana kiran sunan Yesu, yana kallon ruwa yana hawa jikin matarsa. Allah ya kawo masu tafiya sujada, suka fiddo ta da rai. Amma ƙafar ba ta ƙara takawa ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, motar nan ranku ce, tsatsa kuwa zunubi. Ba ya farawa da girma. 'Yar ƙarya ce, ɗan ƙyashi ne, ɗan abin da ka ɗauka ba naka ba. Kwalta da tabarma su ne kayan Lahadi da waƙar da kuke rerawa da murya mai daɗi, alhali ciki yana ruɓewa. Ubangiji ba ya liƙa sabo a kan ruɓa. Yankewa yake yi, da zafi, da kunya ma, wannan ita ce tuba.

Ku kuma lura da kyau, ku yara da ku manya. Wanda ya rufe ramin a gaba yake zaune, ƙafarsa lafiya lau. Wadda ta taka tana baya, ba ta san kome ba. Kafin ku kwanta yau, kowa ya tambayi kansa, wane ne yake zaune a bayana?