Ranar da Uwar Maƙera ta Rabe Biyu

A zamanin da, tun ana auna ƙarfin gari da yawan fartanyun da maƙeransa ke fitarwa kafin damina, an yi wani sarki mai suna Bagudu. Adali ne, wannan ba a raba shi da ita, sai dai Allah ya ɗora masa son sabon abu. In ya samu abin da sarakunan maƙwabta ba su da shi, ba ya samun sukuni sai ya kafa shi a ƙofar fada kowa ya zo ya gani.

Wata shekara wani madugu ya sauka da ayari daga arewa, ya kawo wa Sarki gaisuwa, mazaunin uwar maƙera na ƙarfen zubi. Ba da masaba aka ƙera shi ba, narkar da ƙarfen aka yi ya koma ruwa, aka zuba shi ya daskare, ya fito da ƙafafu huɗu masu siffar dagin zaki. Duk garin ba wanda ya taɓa ganin irinsa, domin maƙeransu a kan kututturen kirya suke kafa uwar maƙera, wato dunƙulen ƙarfen nan da ake ɗora aiki a kansa a yi ta duka.

Sarki ya sa aka kira Sarkin Maƙera Nomau ya gani. Nomau gwani ne, ƙarfe na jin maganarsa, amma mutum ne mai son a ce da shi. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya kewaya mazaunin, ya zuba yabo har da wanda ba a tambaye shi ba. Sarki ya ji daɗi, ya sa aka yafa masa alkyabba, sannan ya ce, "Tun da ka yaba, Sarkin Maƙera, na yanke. A ɗauke babbar uwar maƙerar garin nan daga kan wannan tsohon kututture, a ɗora ta a kan wannan. Kada a sa mata itace ko fata a ƙasa a ɓata masa kyau. Ranar kasuwa a yi bugun farko a gabana."

Nan take alkyabbar ta yi wa Nomau nauyi. Babbar uwar maƙerar nan gadon gidansu ce tun kaka da kakanni, a kanta sarautarsu take. Kuma tana da tsaga a ƙugu, siririya kamar silin gashi, wadda ubansu ya nuna wa Nomau shi kaɗai da zai bar duniya. Bisa al'ada Sarkin Maƙera ne kawai ke shafa mata mai, don haka kullum yakan cusa man kaɗanya da garin gawayi a tsagar, ta ɓace wa ido. Itace yana shanye ƙarfin duka, shi ya sa ta kai wannan lokaci. Ƙarfe kuwa ba ya lallashin ƙarfe, abin da aka ba shi shi yake mayarwa.

In ya faɗi gaskiya, sarauta ta bar gidansu, don ba a naɗa gidan da uwar maƙerarsa ke da aibi. In ya yi shiru ya buga, ga dokar maƙera tana jiransa: duk wanda uwar maƙera ta fashe a hannunsa, ba ya sake riƙe masaba har abada, kuma sai ya bar gari. Gaba kura, baya sayaki. Ya dubi Sarki, ya dubi alkyabbar, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, an gama."

To, Nomau yana da ƙane, Arzika, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ƙaƙƙarfa ne, marar yawan magana, irin mutanen nan da in wansu ya ce rana ta fito daga yamma sai su juya su duba. Nomau ya same shi yana wa wani manomi ƙotar gatari, ya ja shi gefe ya ce, "Arzika, kullum ni ake gani a fada, kai kana nan cikin hayaƙi. Na bar maka bugun farko, Sarki ya san da kai."

Arzika ya share gumi ya ce, "Yaya, na gode. Amma ƙarfe a kan ƙarfe, ba itace a tsakani? Raina bai kwanta ba."

Nomau ya ce, "Uwar maƙerar da ta ga kakanninmu ce za ta ji tsoron hannunka? Lafiyarta lau, ni nake shafa mata mai."

Arzika ya ce, "Tun da ka faɗa, Yaya, shi ke nan."

Kaico! Da Arzika ya yi musu ko kaɗan, da wataƙila Nomau ya ji kunya ya fasa. Yardar nan da ya yi nan da nan, ita ta fi komai ci wa Nomau rai daga baya.

Ranar kasuwa ƙofar fada ta cika maƙil. Aka hura wuta da zugazugi, Nomau ya riƙe aikin da awartaki, Arzika ya ɗaga masaba ya yi bismilla ya sauke. Ƙarar da ta tashi sai da ta sa mutane toshe kunne. Ya sake saukewa. A na gaba sai aka ji ƙas, uwar maƙera ta rabe biyu, rabi ya faɗi ƙasa, ɓarɓashi ya watsu. Nomau ya hangi Waziri Barmo, wani tsoho mai jimirin shiru, ya sunkuya ya tsinci wani abu ya jefa aljihu, Nomau ya ɗauka goronsa ne ya faɗi.

Sarki ya fusata ya ce, "Sarkin Maƙera, me dokarku ta ce?" Arzika ya juyo ya dubi wansa. Nomau ya sunkuyar da kai ya faɗi dokar da bakinsa. Aka karɓe masabar Arzika, ya kwashi matarsa da 'ya'yansa ya haye kogi, ya zauna a wani ƙauye yana sayar da itace.

Sarki ya sa aka ƙera sabuwar uwar maƙera, sarauta ta zauna wa Nomau daram. Sai dai tuwo ya daina yi masa daɗi. In ya miƙa hannu a maƙera don a ba shi awartaki, sai bakinsa ya kira sunan Arzika, sannan ya tuna. Sau da yawa ya yi niyyar zuwa fada ya faɗi gaskiya, in ya kai ƙofa masu kirari suka taso masa, sai ya gyara alkyabba ya yi gaisuwa ya koma. Haka damina ta shiga ta fita.

Wata rana Waziri ya aika a kira Nomau gaban Sarki. Ya ce, "Sarkin Maƙera, shari'ar kayan ƙarfe ta yi yawa a wurin alƙali, mai saye ya ce da ma a tsage aka sayar masa, maƙeri ya ce ganganci ne. Na ce wa Sarki muna da wanda ke karanta ƙarfe kamar allo. Ga wasu, duba mana."

Nomau ya ji an taɓo inda yake masa ƙaiƙayi. Aka miƙo karyayyar fartanya, ya duba ya ce, "Sabuwar karaya ce, ga bakin fari fat, dutse ta sara." Aka miƙo gatari, ya ce, "Wannan laifin maƙeri ne, ya tsoma shi a ruwa da zafinsa ya yi yawa." Fadawa suka ɗauki "Gwani na gwanaye!" Sai Waziri ya zaro wani ɗan guntu daga aljihu, ya ce, "Wannan fa? Mai shi ya rantse bai san da aibinsa ba."

Nomau ya ɗaga shi ga haske ya yi dariya. "Ranka ya daɗe, ƙarya yake. Gefen nan ne kawai sabo. Wannan baƙin kuwa tsagar ta girmi wasu da ke zaune a nan. Kuma sansana ka ji, man kaɗanya ne da garin gawayi aka daɗe ana cusawa don kada a gani. Wanda ke shafa wa ƙarfen nan mai ya san..."

Ya sake juya guntun a tafinsa, ya gane shi kamar yadda mutum ke gane muryar uwarsa.

Waziri ya ce a hankali, "Ƙarasa mana, Sarkin Maƙera. Ni ban san ƙarfe ba. Abin da na sani, ban taɓa ganin ka bar wa wani wurin da za a yabe ka ba, sai ran nan. Wa ke shafa wa uwar maƙera mai?"

Nomau ya zame ya kifa goshinsa a ƙasa, ya kwashe labari duka ya faɗa, yana kuka kamar ba dattijo ba. Abin mamaki, sai ya ji ƙirjinsa ya yi sakayau, rabonsa da haka tun ranar kasuwar nan.

Can Sarki ya ce, "Ni ma ina da kaso a ciki. Na yanke hukunci a kan sana'ar da ban sani ba, na tambayi yabo ban tambayi shawara ba. A kai mazaunin nan barga a riƙa ɗora tulu. Uwar maƙera ta koma kan kirya, kuma a je a zo mini da Arzika."

Aka zo da shi, ya rame, kafaɗarsa duk kanta saboda dakon itace. Sarki ya ba shi haƙuri a gaban jama'a, ya mayar masa da masabarsa, ya sa aka cire alkyabba daga wuyan Nomau aka yafa masa. Ya ce, "Sarauta ba ta barin gidanku, don an samu mai gaskiya a cikinsa. Wanka kuwa doka ta hau kansa, ba masaba, ba zaman gari."

Arzika ya faɗi ya ce, "Zaki, maganar masaba dokar maƙera ce, ba ni da ikon roƙo a kanta. Amma ya tsufa, ba shi da kowa a hayin kogi. A bar mini shi a gida." Sarki ya dubi Waziri, Waziri ya gyaɗa kai, aka bar shi.

Da suka fito daga fada, makaɗa suka yi gaba, su biyu suka biyo hanyar unguwar maƙera. Nomau yana tafe a baya, ya kasa haɗa ido da ƙanensa. Da suka kai ƙofar gida ya yi ta maza ya ce, "Arzika, ka zage ni mana, ko ka mare ni. Shirun nan ya fi ƙarfina."

Arzika ya tsaya, ya juyo. Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. Ya ce, "Ba korar ce ta ƙona mini rai ba, Yaya. Da ka ja ni gefe ran nan ka ce mini a tsage take, ɗayanmu ne zai tafi, wallahi da ni zan ce ka ba ni masabar."

Ya shige gida. Nomau ya zauna a dakalin ƙofa, ya rufe fuskarsa da tafukan da ba za su sake riƙe masaba ba. Masu ba da labari sun ce ya yi shekaru bayan wannan yana ci yana sha a gidan ƙanensa, ba a taɓa yi masa gori ba, kuma ba a sake jin dariyarsa ba. Allah ya raba mu da da-na-sani.