Mai Wankin Hula da Rigar Lauya

An yi wani mutum, wani bawan Allah, a wani gari da ba sai na faɗi sunansa ba, a zamanin da talabijin bai daɗe da zuwa ƙasar nan ba, lokacin da hoton ma baƙi da fari ne. Sunansa Malam Nomau. Sana'arsa wankin hula. Yana da 'yar rumfa a bakin kasuwa, da bokiti, da buroshi, da sabulu. In ya wanke ya sa sitaci, sai ya jera hulunan a rana, ya zauna yana gadinsu kada iska ta kwashe. Abincinsa ke nan, shi da iyalinsa.

Allah kuwa Ya ba shi murya, Ya ba shi tsayi da kwarjini. Wani mai shirya wasan kwaikwayo, wai shi Sanda, ya kawo wankin hula, ya ji yadda yake magana, ya ce, "Malam, kai ne lauyan da nake nema." Aka sa shi a wasan kotu da ake nunawa kowane mako. A cikin wasan, shi lauya ne mai kare azzalumai, har ranar da zuciyarsa ta farka, ya miƙe gaban alƙali ya ce ya tuba, daga yau marayu da marasa gata zai tsaya wa. Tun daga nan ba shari'ar da ta ƙara fin ƙarfinsa. In an gama ɗauka, ya tuɓe baƙar rigar lauyoyi da farar hular gashin nan, ya koma rumfarsa.

To, ku saurara. A wani ƙauye can nesa, talabijin ɗaya ne, a ƙofar gidan mai gari, ana kunna shi da batirin mota. Mutanen wurin ba wanda ya taɓa gaya musu wasa ne. A wurinsu kotu ce ta gaske ake nuno musu daga birni.

A ƙauyen akwai wata mata, Tabawa, mijinta ya rasu ya bar ta da marayu. Yana jinya ya ba ƙanensa Mati aron gonarsa ta bakin rafi, don kada ta kwana ba noma. Da ya rasu, Mati ya ce ai ba aro ba ne, kyauta ce. Mutum ɗaya ne ke wurin ranar da aka yi maganar, wani tsoho maƙeri, Baba Cindo. Amma 'yar Baba Cindo tana aure a gidan Mati. Duk sa'ad da mai gari ya tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce tsufa ya kama shi, ba ya tuna komai. Ga damina ta ƙarato. In Mati ya sake shuka gonar nan, marayu ba su da hatsin shekara.

Tabawa ta hau mota ta zo birni tana tambayar gidan Lauya. Masu kasuwa suna dariya suka nuna mata rumfar wankin hula. Ta same shi tsugune, hannu cikin kumfa. Ta durƙusa.

"Ranka ya daɗe, Lauya. Ashe har hularka da kanka kake wankewa?"

"Tashi, baiwar Allah. Ba tawa ba ce, ta mutane ce. Ni ba lauya ba ne."

"Haba, ranka ya daɗe! Da idona na gan ka ka ƙwato wa makahon nan gidansa."

"Makahon nan idonsa garau. Tela ne, ga shagonsa can."

Sai ta fashe da kuka, ta faɗa masa komai. Ya saurare ta har ta gama, bai katse ta ba, kumfa ta bushe a hannunsa.

Sanda yana zaune a bencin rumfar, ya ji duka. Ya ja Nomau gefe ya ce, "Kai, wannan ai mai sauƙi ne. In ba ka rigar da hular, in ba ka aron motata. Kana sauka a ƙauyen nan, mutumin zai saki gona, har da ban haƙuri. Ba sai ka ce kai lauya ne ba. Ka dai yi shiru, riga ta yi magana."

Nomau ya ce, "In riga ta yi ƙarya ina cikinta, wa ya yi ƙaryar?"

"Don marayu fa!"

"Na sani. Zan bi ta. Amma da rigata zan je."

Jama'a, ku lura da wurin nan. Da kuɗi aka miƙa masa ya ƙi, da ba abin mamaki ba ne, mutanen kirki da yawa sun ƙi kuɗi. Shi abin da aka miƙa masa ƙarya ce mai kama da taimako. Wannan ita ce mai wuyar ƙi.

Ya roƙi maƙwabcinsa ya kula masa da huluna, suka hau motar kasuwa shi da Tabawa, a baya, kan buhuna. A hanya tana roƙonsa, "Don Allah, Malam, in mun isa kada ka faɗi abin da ka faɗa mini." Ya ce, "Ki yi haƙuri, Iya. Duk abin da zan iya na gaskiya zan yi miki."

Ko da ba riga, suna sauka aka gane shi. Gari ya ɗauka, Lauya ya zo, Tabawa ta kawo Lauya! Kafin su kai ƙofar mai gari an shimfiɗa darduma. Aka kira Mati. Ya zo ya zube nesa, ko ɗaga kai ya kasa. Kowa ya ga alama, ko tari Nomau ya yi, gona ta dawo.

Mai gari ya ce, "Lauya, sannu da zuwa. Wuri naka ne."

Nomau bai hau dardumar ba. Ya zauna ƙasa ya ce, "Ranka ya daɗe, kafin kowa ya ce komai, ina da magana. Ni ba lauya ba ne. Abin da kuke gani a akwatin nan wasa ne, rubuta mana ake yi mu haddace. Ban taɓa shiga kotun gaske ba. Wankin hula nake yi. Ga hannuna." Ya ɗaga tafukansa, duk sabulu ya cinye su. "Na biyo matar nan ne don ba ta da mai tsaya mata. Na zo roƙo ne, ba ni da ikon komai. Malam Mati, ka ji tsoron Allah, 'ya'yan ɗan'uwanka ne."

Sai Mati ya ɗago kai, ya dube shi sama da ƙasa, ya kece da dariya. Ya gyara zama ya ce, "Au! Ashe ɗan wanki ne! Matar yaya, duk birnin nan wanda kika samo ke nan? To Malam, akwai tsummokara a gida, in ka gama wa'azin." Wasu suka taya shi dariya. Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce a hankali, "Ka kashe ni, Malam." Nomau ya sunkuyar da kai.

Mai gari ya numfasa ya ce to, tunda ba shaida, magana tana nan inda take.

Sai aka ji sanda ta bugi ƙasa. Baba Cindo ne ke ƙoƙarin miƙewa. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a dakata. Baƙon nan bai haɗa komai da Tabawa ba. Ya bar sana'arsa ya zo. Nasara na hannunsa, shiru kawai zai yi, ya ƙi, ya zaɓi a yi masa dariya. Ni kuwa da nake da ƙafa ɗaya a kabari, shirun nake yi don kunyar suruki. Ban manta komai ba. Ina zaune a bakin gadon marigayi. Aro ya ce. Ya ce in ya tashi ya karɓa, in bai tashi ba ta 'ya'yansa ce. A kawo Alƙur'ani in an so."

Mati ya ce, "Baba, 'yarka fa tana gidana."

"Na sani, Mati. Ɗakin uwarta yana nan, ba a rushe ba."

Mai gari ya tambayi Mati ko zai rantse. Mati ya dubi ƙasa, ya kasa rantsewa. A zaman nan aka mayar wa marayu gonarsu, ruwan farko ya sauka tana hannun Tabawa.

Da Nomau zai tafi, mai gari ya cire hularsa ta zanna, wadda ba ya bari kowa ya taɓa, ya miƙa masa da hannu biyu ya ce, "Tunda wanki ne aikinka, ga tawa. Ban taɓa ganin hannun da na yarda da shi kamar naka ba." Ya karɓa, ya wanke, ya aiko da ita ranar kasuwa.

Wannan mutumin namu ne, jama'a. Cikin irin kasuwanninmu ya zauna, irin tuwonmu ya ci. In ana lissafin mutanen da za mu ɗaga kai da su, ni da shi nake farawa.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, gaskiya ba ta neman agajin ƙarya, ko da don maraya ne. Kai dai faɗi taka, ko da kana ganin za ta jawo asara. Ba ka san wanda ke zaune a gefe yana jiran ya ga mutum ɗaya ya fara ba. Kuma a cikinmu nan akwai masu ɗauke da shaida irin ta Baba Cindo, a kan gona, a kan gado, a kan iyakar gida, sun ce sun manta don kunyar wani. Allah Ya hana ɓoye shaida. Kuna kallon lauyan wasa yana tuba kuna tafawa. Shi an rubuta masa ranar tubansa. Ku ba wanda ya gaya muku ranarku ta ƙarshe. Wanda ya san yana riƙe da irin wannan, kada ya bari damina ta sauka bai je ya faɗa ba.

Allah Ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a inda take da tsada.