Muryar Baba a Cikin Amsa-Kuwwa

Akwai wani mai haɗa waƙoƙi a kwamfuta da 'yan gidansu ke kira Auta. Mahaifinsu tsohon mawaƙi ne. Da likita ya ce za a yi masa aiki a maƙogwaro kuma ba zai sake magana ba, sai ya zauna a situdiyon Auta ya rera waƙarsa ta ƙarshe, yana kiran 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya.

A makon ne Auta ya sayi manhajar amsa-kuwwa, wadda ke sa murya ta yi amo kamar a cikin babban zaure. Ƙa'idar aikin ita ce a ajiye muryar asali daban, domin amon da ya gauraya da murya ba ya fita. Auta ya san haka sarai. Amma ya ƙure amon, ya ji ya burge kansa, ya goge ta asalin don ya sami fili a kwamfutar.

Bayan an sallamo tsohon daga asibiti, babban wansu, mai walda, ya zo saurare. Ya tsaya da kayan aikinsa a jiki, ya kasa kunne.

"Auta, wannan Baba ne ko wani ya faɗa rijiya? Ban ji sunana ba. Cire wannan gunjin."

"Ba ya ciruwa, Yaya."

"To sa min ta asalin."

"Na goge." Maimakon ya sunkuyar da kai, sai ya yi dariya. "Kai da injin walda ya gama cinye maka kunne, me ka sani a sauti?"

Marin farko da Yaya ya kai wa Auta ya jefar da shi daga kujera. Auta ya rarumi sifika ya rotsa wa yayansa goshi, jini ya rufe masa ido. Yaya ya fizgi ƙarfen makirufo ya kai duka a makance. Na farko ya sami Auta a kunnen hagu, ya ji wani abu ya fashe a ciki, ɗumi na bin wuyansa. Na biyu da na uku a kan kwamfutar suka sauka. Sai da maƙwabta huɗu suka taru kafin aka ɓamɓare su.

Mai gyara ya juya kwamfutar, ya ce babu abin da zai fito daga cikinta. Kunnen Auta ma bai sake ji ba.

Da aka gaya wa tsohon, ya daɗe yana kallonsu, ɗaya da ɗinki a goshi, ɗaya da auduga a kunne. Ya buɗe baki zai yi musu faɗa kamar yadda ya saba, iska ce kawai ta fito.

Darasi: In ka yi kuskure, ka ce "na yi kuskure" kafin bakinka ya ƙara wani. Girman kai ya goge rabin waƙar, fushi ya ƙarasa sauran. Ku tura wa 'yan'uwanku su karanta.