Kunun Kanwar Tabawa

Ga ta nan, ga ta nanku, mai gyangyaɗi ya wartsake!

Ta zo mu ji ta, Iya!

Wai an yi wasu sarakuna biyu, Sarkin Kanwa a arewa, Sarkin Gero a kudu. Kowa na ji da kansa, amma kowa na tsoron mashin ɗan'uwansa. Sai suka koma yaƙin da ba jini. Sai Sarkin Kanwa ya rufe hanyar fatake. Sai Sarkin Gero ya liƙe rumbuna. Sai kowanne ya saki maroƙa kasuwa-kasuwa, na arewa suna shelar an yi wa geron kudu sammu, na kudu suna shelar kanwar arewa guba ce.

To, a ƙauyen da ke tsakaninsu akwai wata tsohuwa, Tabawa. 'Yarta Kyauta ta haihu, ba kunun kanwa, nono ya ƙi zuwa. Jinjiri ya yi kuka har murya ta dishe. Hankalin Tabawa ya tashi.

Sai ta je ƙofar arewa. "A sayar mini da kanwa."

Dogari ya ce, "Sarki ya hana."

Sai ta je ƙofar kudu. "A auna mini gero."

"Sarki ya hana, Iya."

Sai ta dafa ƙugu. "Zuwa barka fa, shi ma ya hana?"

Dogari ya sosa ƙeya. "Wa ya isa? Uwata ma sai ta tsine mini."

Sai Tabawa ta aika arewa da kudu cewa Kyauta ta sauka. Kun san ba a zuwa barka hannu rabbana. Matan arewa suka ƙullo kanwa a bakin zane, matan kudu suka rufo gero da faifai. Suka haɗu a tsakar gida, sai harara.

Matan kudu suka ce, "Kada ku ba ta kanwar nan, guba ce!"

Matan arewa suka ce, "Geronku ne mai sammu!"

Tabawa ta ce, "Maroƙin da ya gaya muku, ya taɓa dama kunu?"

Sai ta daka, ta dama, ta cika ludayi ta shanye. Aka zuba mata ido, ana jira ta faɗi. Sai ta yi gyatsa. Mata suka tuntsire da dariya, ludayi ya zaga kowa, Kyauta ta sha ta ƙoshi. Da za su tafi, suka yi musayar abin da ya rage, kuma kafin su isa gida labari ya riga su.

Washegari nono ya sauko. Jinjiri ya kama, ya yi shiru, Tabawa ta zauna tana hawayen murna.

Ƙurunƙus kan kusu, ya tsere da wutsiyarsa! Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, yara. Manya na iya rufe hanya, amma ba su isa su rufe zumunci ba.