Ciyawar Ƙasa Uku a Garkar Issaka

Jama'ar wannan shafi, ku matso kusa. Akwai wani mutum a Malanville ta ƙasar Benin mai suna Issaka, tsohon ɗan kabu-kabu, wanda tun da uwarsa ta haife shi ba a taɓa jin ya ce "ban sani ba".

Da babur ɗinsa ya mutu murus, sai surukinsa Alhaji Halliru ya ara masa garka a bakin kogi don ya noma albasa. Amma ya kafa masa sharaɗi: in albasar ranin bana ba ta yi ba, zai karɓe abinsa. Kuma Issaka ba shi da wata hanyar ciyar da iyali sai garkar nan.

Danga ɗaya ce ta raba shi da garkar wata dattijuwa, Hannatu. Ita ba ta ƙona ciyawa, ba ta feshi. Duk abin da ta cire sai ta zuba a rami, ta haɗa da kashin awaki da toka, ta riƙa yayyafa ruwa tana juyawa har ya ruɓe ya yi baƙi. Kowane fangali nata kuma a rufe yake da ɓuntun shinkafa, ciyawa ba ta samun hasken da za ta fito.

Issaka kuwa kullum cikin shara da ƙone-ƙone yake, garkarsa tas kamar tsakar gidan amarya. Ƙasar ta yi tauri, in ya sara fartanya sai ta yi tsalle ta dawo masa.

"Inna Hannatu," ya kan ce ta saman danga, "wanga garka ce ko juji? In kawo miki sharar gidanmu ki ƙara?"

"Kawo, ɗana," ta kan amsa. "Ina so."

Dashe ya kama. Na Hannatu ya miƙe kore shar, na Issaka ya tsaya cak, ganye ja-ja. Abin ya ci masa rai ƙwarai. Matarsa Balkissa ta ce ya je ya tambayi tsohuwar, ya ce Allah ya sawwaƙe, ai ya riga ya gano asirin da kansa. Kashin dabba ne kawai. In ita ta sa na awaki, shi na shanu zai sa, don saniya ta fi akuya girma.

Ranar kasuwa ya hayo amalanken jaki, ya je turken shanu ya kwaso kashi ɗanye sharaf, wani ma tururi yake yi. Ya lafta wa albasarsa. Hannatu ta leƙo hannu a hanci.

"Issaka, wanga bai ruɓe ba. Bari shi..."

"Inna, ki ji da jujinki!"

Ta koma bakin aikinta.

Ba a jima ba zafin kashin ya ƙone rabin dashen. Sai ga kore ya rufe garkar, Issaka ya kira Balkissa ta zo ta ga aiki. Ta duƙa ta duba da kyau, ta ɗago.

"Maigida, albasa na da ƙaya?"

Ashe shanun kasuwar nan daga ko'ina suke zuwa, wasu sun yi kiwo a Nijar, wasu a Kebbi, wasu a dajin Guéné nan Benin, kuma duk irin ciyawar da suka ci yana cikin kashinsu da ransa. Ƙarangiya, harƙiya, kashin yawo, har da wasu da tsofaffin unguwa ba su san sunansu ba. Maƙwabta suka ce Issaka ya shigo da ciyawar ƙasa uku ba tare da 'yan duwan, wato kwastan, sun gani ba.

Ya yi ta nomewa, tana fitowa. Wallahi ni kaina na tausaya masa, don a lokacin dariya ta ƙare a gidansa.

Ran nan da hantsi ya zagaya ta ƙofar garkar Hannatu, ya durƙusa, hula a hannu.

"Inna, ban sani ba. Ki koya min."

Ba ta goranta masa ba. Suka cire ciyawar da hannu tun ba ta yi ƙwaya ba, suka tura ta rami. Ta ba shi ragowar dashenta da ruɓaɓɓen taki, ta aike shi injin casar shinkafa ya ɗauko ɓuntu a ka, ta tsakiyar tsofaffin abokansa 'yan kabu-kabu. Rabin garkar suka iya cetowa.

Da aka cire albasa, Alhaji Halliru ya zo. Ya dubi rabin da ya yi, ya dubi rabin da ciyawa ta cinye.

"Wa ya yi wanga?" Ya nuna albasar.

Issaka ya amsa: "Inna Hannatu ta gwada min, Baba."

"Wancan hwa?"

"Ni na gwada ma kaina."

Alhaji ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce tunda ya faɗi gaskiya, ya bar masa rabin da ya yi. Ɗaya rabin kuma ya ara wa Hannatu, ya ce Issaka ne zai matso mata da dangar da hannunsa.

Darasi: Leƙen aikin wani ta saman danga ba koyo ba ne. In ka ga abin maƙwabcinka ya yi kyau, sauke girman kai ka tambaye shi yadda ya yi, tun asarar ba ta kai rabi ba. Ku tura wa duk wani "na sani" da kuke da shi a gida.